Ido da Kunnen Haya: Kamfanonin Fasaha a Sha'anin Tsaron Kudancin Sakkwato

Tsare rayuka da dukiyoyin jama'a nauyi ne da ya rataya a wuyan hukuma, kuma da wannan hujjar ce take karɓar haraji, take ɗaukar soja da ɗan sanda, take kuma hana talaka riƙe makami. Sai dai tun daga zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wani babban ɓangare na wannan aiki ya riƙa sulalewa daga hannun ma'aikatan gwamnati yana komawa hannun kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda ma'aikatansu ba sa sanya kaki kuma ba kasafai ake ganinsu a fagen daga ba, amma su ke tsara na'urorin da soja ke hangen abokan gaba da su, su ke kuma rubuta manhajojin da ke tace bayanan da manyan hafsoshi ke dogara da su wajen yanke shawara. Ana kiran su kamfanonin ba da shawara kan fasaha, ko da yake shawara ita ce mafi ƙanƙantar abin da suke sayarwa. Mutumin Tambuwal ko na Kebbe ba lallai ne ya taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali ayyukansu sun riga sun shafi wayar da ke aljihunsa da sararin samaniyar da ke bisa gonarsa.

Aikin irin wannan kamfani yakan soma ne a lokacin da wata ma'aikata ta san matsalarta amma ba ta san na'urar da za ta magance ta ba, sai ta gayyato ƙwararru su yi nazari su rubuta takardar buƙatu, wato jerin siffofin da ake so na'ura ko manhaja ta cika kafin a biya kuɗinta. Daga nan aikin harhaɗawa ke biyowa, domin kyamarar da aka ƙera a wata ƙasa, da rediyon da aka sayo daga wata, da rumbun adana bayanan da aka gina a ta uku, ba sa fahimtar juna sai an rubuta musu manhajar da za ta haɗa su. Matakin da ya fi kawo riba shi ne na gudanarwa, inda kamfanin ke ajiye injiniyoyinsa su riƙa kula da na'urorin suna sabunta manhajar, wani lokaci ma su tuƙa jirgin leƙen asirin da kansu su miƙa wa gwamnati sakamakon kawai. A wannan mataki mai ba da shawara ya riga ya zama ɗan kwangilar da ba a iya rabuwa da shi, tun da duk ranar da aka gaza biyan kuɗin lasisi, wato izinin ci gaba da amfani da manhajar, na'urar da aka narka biliyoyi a kanta ta daina aiki ke nan.

Amurka ce cibiyar wannan sana'a. Kamfanin Booz Allen Hamilton, wanda aka kafa a 1914 domin ba 'yan kasuwa shawara, ya fara aiki da rundunar sojan ruwan ƙasar a 1940, kuma a yau kusan dukkan kuɗin shigarsa daga gwamnatin Amurka yake fitowa. Kamfanin Palantir, da aka kafa a 2003 kuma ya sami jari tun a farkon kafuwarsa daga In-Q-Tel, asusun zuba jari na hukumar leƙen asiri ta CIA, ya yi suna da manhajar da ke tattaro bayanai daga rumbuna mabambanta ta fito da alaƙar da ke tsakanin mutane da wurare da lambobin waya. A 2017 Ma'aikatar Tsaron ƙasar ta ƙaddamar da shirin Maven domin koya wa kwamfuta gane mutum da mota da gini a cikin hotunan da jirage marasa matuƙa ke ɗauka, shirin da Google ya janye daga cikinsa a 2018 bayan dubban ma'aikatansa sun nuna rashin amincewa. Abin lura kuma, Edward Snowden, wanda ya fallasa asiran tatsar bayanan Amurka a watan Yunin 2013, ma'aikacin Booz Allen ne a lokacin, wanda hakan ya nuna wa duniya yadda manyan sirrin ƙasa suka koma hannun ma'aikatan haya.

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, suna kudancin Jihar Sakkwato, Tambuwal a kan babbar hanyar da ta taso daga birnin Sakkwato ta nufi Jega a Jihar Kebbi, Kebbe kuma tana iyaka da Gummi ta Jihar Zamfara. Sha'anin tsaro ba baƙo ba ne a yankin, domin a farkon Daular Usmaniyya Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu a Tambuwal ya zauna yana kula da wannan fuska ta daular, a zamanin da tsaron iyaka ya dogara da ribaɗi, wato garuruwan da ake kafawa a bakin iyaka a zaunar da mayaƙa da iyalansu, da kuma labarin da fatake da makiyaya da manoma ke kawowa. Rikicin 'yan bindiga da ya kunno kai a Zamfara ya daɗe yana addabar gabashin Sakkwato, musamman Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, kafin ya malalo kudu, kuma a 'yan shekarun nan ƙauyukan Kebbe da wasu na Tambuwal sun sha fama da satar shanu da garkuwa da mutane. Maharan kan zo a kan babura da dare, su koma dajin da ya ratsa iyakar jihohi kafin gari ya waye, yayin da hedikwatar Runduna ta 8 ta sojan ƙasa take can cikin birnin Sakkwato. Abin da kwamanda ya fi buƙata a irin wannan hali shi ne ya san inda za a kai hari kafin a kai shi, kuma wannan sani shi ne hajar da kamfanonin fasaha ke tallatawa.

Hanya mafi sauƙi ta neman wannan sani ita ce wayar salula. Kowace waya da ke kunne tana magana da turken sadarwa mafi kusa da ita, kamfanin sadarwa kuma yana adana tarihin kira, wato lambar da ta kira, da wadda aka kira, da lokaci, da turken da kiran ya bi ta kansa. Manhajar nazari tana iya tattara dubban irin waɗannan bayanai ta zana taswirar waye ke magana da wa, wanda ta haka ake gano infoma, wato ɗan gari mai tsegunta wa 'yan bindiga labarin masu hali, da mai kai musu mai da abinci. Amma wannan dabara an gina ta ne a kan birane masu turaku a kowace unguwa, inda ake iya ƙididdige wurin da waya take da tazarar 'yan mitoci. A karkarar Kebbe, inda turke ɗaya kan ɗauki ƙauyuka da yawa, iyakar abin da bayanin zai nuna shi ne cewa wayar tana wani wuri a cikin fili mai faɗin kilomitoci, sau da yawa kuma wayar ta wanda aka sace ce, tun da da ita masu garkuwa ke kiran danginsa su yi cinikin kuɗin fansa. Wannan ne ma ya rage tasirin umarnin da Ministan Sadarwa Isa Ali Pantami ya bayar a watan Disambar 2020 na haɗa kowane layin waya da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, domin rajistar tana bayyana sunan mai layi, ba ta bayyana wanda ke riƙe da wayar a daji.

Da bibiyar waya ta gaza kawo abin da ake so, sai hukumomi suka juya ga toshe ta gaba ɗaya. A farkon watan Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe turakunsu a faɗin Jihar Zamfara, cikin watan kuma Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya bayyana cewa an katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da ta Tambuwal. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da infomominsu, amma matakin ya raba manomi da hanyar neman ɗauki in an kawo hari, ya tsayar da masu sana'ar tura kuɗi ta na'ura, ya kuma toshe wa jami'an tsaro kansu kunnen da suke sauraron daji da shi, alhali waɗanda ke kusa da iyakar Nijar suna iya kama sabis na kamfanonin can.

Tarihin sayen na'urorin sa ido kan sadarwa a Nijeriya ya girmi wannan lokaci, kuma akwai inda ya gitta da mazaɓar Kebbe da Tambuwal kai tsaye. A watan Afrilun 2013 jaridar Premium Times ta ruwaito cewa gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta ba kamfanin Elbit Systems na Isra'ila kwangilar dala miliyan 40 domin kafa tsarin sa ido kan mu'amalar 'yan ƙasa a intanet, ba tare da an yi gasar neman kwangila a bainar jama'a ba. Majalisar Wakilai, wadda a lokacin ɗan majalisa mai wakiltar Kebbe da Tambuwal, Aminu Waziri Tambuwal, ke shugabanta, ta nemi a dakatar da kwangilar har a gudanar da bincike, amma jaridar ta sake ruwaitowa daga baya cewa aikin ya ci gaba. A watan Disambar 2020 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada ta sanya Nijeriya cikin ƙasashe 25 da ta gano alamun suna amfani da na'urorin kamfanin Circles, wanda ke da alaƙa da kamfanin NSO Group, na'urorin da ke cin gajiyar raunin wani tsohon tsari mai suna SS7, wanda kamfanonin sadarwar duniya ke musayar saƙonni da shi bisa amana, su gano inda waya take ko su saurari kira da lambar wayar kaɗai. Tun kafin nan an ruwaito cewa wasu gwamnonin kudancin ƙasar sun sayi irin waɗannan na'urori, kuma zargin da ya biyo baya shi ne cewa abokan hamayyar siyasa aka saurara da su. A ƙarin kasafin kuɗin 2021 an ware wa Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa kimanin naira biliyan 4.8 domin sa ido kan saƙonnin WhatsApp da kiran wayoyin Thuraya masu amfani da tauraron ɗan Adam.

Ba kowane ciniki ne ma ya kai ga na'ura mai aiki ba. Kwangilar dala miliyan 470 da aka ƙulla da kamfanin ZTE na ƙasar Sin a 2010 domin kafa kyamarorin tsaro da hanyar sadarwar 'yan sanda a Abuja da Legas, wadda akasarin kuɗinta bashi ne daga bankin gwamnatin Sin, ta ƙare da kyamarorin da suka lalace a bakin titi, har sai da wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati a 2023 ta yi bayanin yadda aka kashe kuɗin, bayan ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar.

Abin da ya kawo wannan duniya ta kwangilolin sirri har ƙofar gidan mutanen Tambuwal ya faru ne a daren 25 ga Disambar 2025, lokacin da Amurka ta kai hari a Jihar Sakkwato a kan mayaƙan da gwamnatocin ƙasashen biyu suka danganta da ƙungiyar IS. Ministan Yaɗa Labarai Mohammed Idris ya ce an nufi sansanoni biyu ne a dajin Bauni da ke ƙaramar hukumar Tangaza, can arewa kusa da iyakar Nijar, da makamai 16 masu bin jagorancin tauraron ɗan Adam, kuma ɓaraguzan wasu daga cikinsu sun faɗa a Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal da kuma Offa a Jihar Kwara. Ba a rasa rai a Jabo ba, amma mutanen garin sun shaida wa manema labarai cewa ba su san da wani sansanin 'yan ta'adda a yankinsu ba, kuma babu wanda ya gargaɗe su. Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya ce Nijeriya ce ta ba da bayanan sirrin da aka yi aiki da su. Kwanaki kaɗan kafin harin, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa tun ƙarshen watan Nuwamba wani jirgin leƙen asiri ke tashi daga Akara ta ƙasar Gana yana shawagi a sararin Nijeriya, kuma mai gudanar da jirgin kamfani ne mai zaman kansa, Tenax Aerospace na jihar Misisipi ta Amurka, wanda ke yi wa rundunar sojan Amurka aikin kwangila. Tashi daga Akara yana da nasaba da ficewar sojojin Amurka daga Nijar a 2024, inda suka bar sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas, wanda gininsa ya ci sama da dala miliyan 100.

Ba sai an ɗora wa wani kamfani alhakin abin da ya faɗo a Jabo ba kafin a fahimci tsawon sarƙar da ke tsakanin hoto da hari. Wani ne ya ƙera kyamarar, wani ya tuƙa jirgin, wani ya rubuta manhajar da ta ware abin da ya yi kama da sansani daga cikin dubban hotuna, wani ya yi nazari ya rubuta rahoto, wani kuma ya ƙera makamin da na'urar da ke jagorantarsa, sannan hafsa ya ba da umarni. In abu ya tafi daidai, gwamnati ce ke shelar nasara. In ya kuskure, alhakin kan warwatsu a tsakanin ƙasashe biyu da kamfanoni da yawa da ke aiki a ƙarƙashin yarjejeniyoyin da ba a bayyana su, ta yadda manomin da ɓaraguzai suka faɗa gonarsa ba shi da ofishin da zai kai kukansa face na hakimi ko na shugaban ƙaramar hukuma, waɗanda su ma a rediyo suka ji labarin.

Mafi munin kuskure kan auku ne a matakin fassara, domin kyamara tana nuna taron mutane da babura da fitilu amma ba ta faɗin abin da ya tara su. A ranar 3 ga Disambar 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi a Jihar Kaduna, inda hukumar ba da agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85, rundunar kuma ta amsa cewa an ɗauki zirga-zirgar mutanen ne a matsayin irin ta 'yan bindiga. A ranar 25 ga Disambar 2024 kuma mutum aƙalla 10 suka rasu a wasu ƙauyuka biyu na ƙaramar hukumar Silame a Jihar Sakkwato yayin farmakin sama a kan mayaƙan Lakurawa, ko da yake hedikwatar tsaro ta ce fashewar makaman da mayaƙan suka ajiye ce ta kashe su. Wanda ya san cewa ana cikin lokacin tarukan Mauludi, ko ranar kaza ce kasuwar ƙauye kaza ke ci, ko wannan burtali ne makiyaya ke bi da kaka, ba zai yi wa hoton irin karatun da baƙo zai yi masa ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma 'yan bindiga sun riƙe wannan magana fiye da yadda masu sayen na'ura suka riƙe ta, tun da su a kan infoma suke kashe kuɗinsu, gwamnati kuwa ba ta da wani tsari mai ƙarfi na kare ɗan garin da ya kawo mata labari daga ramuwar gayya.

Dalilin da ya sa na'ura ke rinjayar mutum a kasafin kuɗi yana cikin yadda ake yin cinikin. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda ta wajabta tallata kwangila da yin gasa a fili, ta keɓe sayen kayayyaki da ayyuka na musamman da suka shafi tsaron ƙasa a sashe na 15, sai fa in Shugaban Ƙasa ya amince a bi ta a kansu. Ga kuma kuɗin tsaro da ake ware wa gwamnoni da wasu manyan jami'ai ba tare da bin diddigi na yau da kullum ba, wanda rahoton ƙungiyar Transparency International da cibiyar CISLAC na 2018 ya ƙiyasta ya kai dala miliyan 670 a shekara. Badaƙalar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai da aka tuhumi tsohon Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro Sambo Dasuki a kanta tun 2015 a irin wannan duhu ta faru. Sirri yana da hujja a sha'anin tsaro, domin babu ƙasar da ke shelanta ƙarfin na'urarta ga abokan gaba, amma ɓoye yadda na'ura ke aiki daban ne da ɓoye farashinta da sunan wanda ya karɓi kamasho. Haɗari na biyu shi ne ya kasance kamfanin da ya rubuta takardar buƙatu shi ne kuma mai sayar da abin da takardar ta siffanta, kamar a ce mai kemis ne ya duba marar lafiya ya kuma rubuta masa maganin da ke kan kantarsa.

Nijeriya ta taɓa nuna cewa ana iya ƙulla cinikin da zai bar ilimi a gida. Tauraron NigeriaSat-X da aka harba a watan Agustan 2011 injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi a Ingila ƙarƙashin kulawar kamfanin Surrey Satellite Technology, jirgi marar matuƙi na Tsaigumi da aka ƙaddamar a Kaduna a watan Fabrairun 2018 kuma injiniyoyin sojan sama ne suka ƙera shi tare da kamfanin UAVision na Fotugal. Masana'antar ƙera makamai ta DICON, da aka kafa a Kaduna a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, ta sami sabuwar doka a 2023 da ta faɗaɗa mata damar haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Waɗannan duka ƙananan matakai ne in aka kwatanta da yawan abin da ake sayowa daga waje a haɗe.

Ta fuskar haƙƙin ɗan ƙasa, ƙa'idojin tatsar sadarwa da NCC ta fitar a 2019 sun wajabta samun izinin alƙali kafin a saurari wayar mutum, ban da halin gaggawa, inda aka yarda a fara sauraron sannan a nemi izinin cikin sa'o'i 48, yayin da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sassauta yawancin sharuɗɗanta a kan abin da ya shafi tsaron ƙasa. Wurin da mutanen Kebbe da Tambuwal ke da wakilan da za su iya neman ganin takardun irin waɗannan kwangiloli shi ne majalisa. Sashe na 88 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon binciken duk ma'aikatar da ke kashe kuɗin da ta amince da su, sashe na 89 ya ba ta ikon kiran shaidu da neman takardu, sassa na 128 da 129 kuma sun ba majalisun jihohi makamancin wannan iko a kan kuɗin jiha, wanda ya haɗa da abin da gwamnatin Sakkwato ke kashewa kan motoci da na'urorin sadarwa da rundunar tsaron al'umma da Gwamna Ahmad Aliyu ya ƙaddamar a 2024.